Gaɓar da Ta Ƙi Shiga Inji

Namhae, 24 ga Nuwamba, 1996

Yonsil, ƙanwata,

Kin ci abinci? Na san za ki ce e, na kuma san abin da kike kira abinci a can Amurka: burodi a tsaye gaban kwamfuta. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu ta koma yi mini hasashen ruwan sama, kuma ta fi rediyo faɗin gaskiya. Maigidana ya rage tari tun da na ɓoye masa taba. Jiya muka gama haɗa kimcin hunturu, mun tsuma kabeji ɗari da ashirin a gishiri da yaji, har yanzu yatsuna raɗaɗin barkono suke yi. 'Yan ajina talatin da ɗaya duk suna nan garau, sai majina.

To ga maganar. Baffa Mansop ya tara dangi ranar Lahadi, a matsayinsa na yayan mahaifinmu kuma babban gida. Za a sake buga littafin zuri'a, tunda shekara talatin ta cika. Kuma a karon farko za a sa sunayen mata. Kin ji? Ba “matarsa, 'yar gidan Ha” ba, yadda aka rubuta Omma, uwarmu, a tsohon littafin, sai ka ce buhun shinkafa aka kawo daga wani gida. Suna cikakke, da haruffanmu na Hangul. Sai da na sa ya maimaita.

Murnar ba ta kai ni bakin ƙofa ba. Mai maɗaba'ar da aka ba aikin a Jinju, wani mutum mai suna Gu, ya aiko da gwajin shafinmu. A wurin sunan Omma ga Ha, ga i, a tsakiya sai fili fari fat. Injinsa bai san 똠 ba, wato gaɓar “Ttom” ta sunanta. Wai in ya danna ㄸ da ㅗ sai 또 ya fito lafiya, yana ƙara ㅁ sai duk abin ya watse.

Baffa ya ce, “To a sa Malsun mana, ai shi ne a takardar hukuma.”

Kin san inda Malsun ya fito. Wani magatakarda ne a zamanin Japanawa ya rasa harafin Sin da zai rubuta Ttomi da shi, ya laƙa mata “auta mai biyayya”. Kin taɓa jin an kira ta da shi ta waiwaya? Ko a asibiti sai na taɓa ta take sanin da ita ake.

Na miƙe na ce, “Baffa, sunanta Ttomi.”

Goggo, matarsa, ta leƙo daga kicin: “Sunanta 'yar Hadong, garin da aka auro ta. Shekara hamsin ina kiran ta haka tana amsawa, ba ta taɓa kai ƙara ba.”

“Zauna, Malama, nan ba aji ba ne,” in ji Baffa. “A rubuta wa ƙanwarki Injiniya. Ba haruffan inji take zanawa a can ba? Ita ce za ta san kan abin. Kai, yarinyar nan! Da namiji ce da tuni mun huta.”

Kowa ya gyaɗa kai. Na zauna. Shekara ashirin da takwas ina koyar da haruffan nan, rabin mutanen da ke ɗakin ni na riƙe musu hannu suka ja layin farko, amma ba wanda ya kalle ni.

Ba kya nan lokacin da Omma ta koyi rubutu, bari in ba ki labari, don ban taɓa ba ki shi da kyau ba. Tana da shekara sittin da shida. Na ce mata, “Omma, kowace gaɓa ɗaki ce. A naki ɗakin akwai abu uku. ㄸ tagwaye ne, suna sama. ㅗ benci ne da suke zaune a kai. ㅁ akwati ne da aka tura ƙarƙashin bencin.” Ta ce, “Tagwaye kuma? Biyun da na haifa a rarrabe ma sun ishe ni.” Sai in ɗiga mata sunan da fensir, ɗigo-ɗigo, ita kuma ta bi da biro, harshe a waje kamar 'yar aji ɗaya. Wata huɗu muka yi, kullum bayan na dawo daga makaranta, a kan tabarmar shanya tafarnuwa. Ranar ƙarshe ta rubuta sunanta sau tara a takarda ɗaya. Layin farko a kan ɗigona ne, sauran takwas da kanta. Ta sa na goge ɗigon fes, wai kada a ce satar amsa ta yi.

Takardar nan nake nema. Bayan rasuwarta bara na zazzage akwatinta, na duba har cikin matashin kai, babu. Ina so in kai wa Gu ya ga cewa gaɓar tana nan a duniya, injinsa ne jahili. Ko kin gan ta?

Batun Baffa kuwa, na rubuto ne don ya ce a rubuto. Kada ki takura kanki, littafin sai kaka mai zuwa. Ni ma ina da dabarata.

Ki riƙa sa safa.

Yayarki,
Bunok


San Jose, 15 ga Disamba, 1996

Onni, yayata,

Na ci abinci, har da miya. Mura ta kama ni sati ɗaya, ta sake ni. Ki gaida mijinki, ki ce masa ya duba cikin tulun shinkafa, can kike ɓoye komai tun muna yara.

Na buga wannan wasiƙa da injina don ki ga abu: 똠. Ga shi zaune daram. Injin Gu ba jahili ba ne, tsoho ne. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A 1987 da aka yi jerin da injinsa ke bi, wuri ya yi kaɗan, sai aka zaɓi gaɓoɓi 2,350 da aka fi amfani da su, aka ba kowace lamba. Wadda ba ta cikin jerin, a wurin inji ba a haife ta ba. Omma ba ta ciki.

Amma a watan Yulin bana an fitar da sabon tsari na duniya, Yunikod, kuma wannan zai burge ki, Malama. Baƙaƙen farko muna da 19. Wasula 21. Baƙaƙen ƙarshe 27, in an ƙara “babu” 28. Ninka su: 11,172. Kowace gaɓa da za a iya haɗawa ta samu lamba, har waɗanda ba mahaluƙin da ya taɓa furtawa. Ba ma sai an duba jeri ba, lissafi ne. Ana ƙirgawa daga sifili: ㄸ huɗu ne, ㅗ takwas, ㅁ na ƙarshe sha shida. Huɗu sau 588, a haɗa da takwas sau 28, a haɗa da 16, a ɗora a kan 44,032 inda gaɓoɓinmu suka fara. Amsa: 46,624. Lambar gidan Omma ke nan, a kowace ƙasa.

Injin Gu bai ji labari ba tukuna. Sai dai tsohon jerin yana da 'yan guraben da aka bari fanko. Zan zana gaɓar daidai da salon haruffan littafin, in sa ta a gurbi ɗaya, in aiko masa a faifai. Tunda sai kaka, zan yi bayan na sauke aikin da ke kaina, wajen watan Mayu.

Takardar tana wurina, ki daina zazzage matashin kai. Omma ce ta ba ni a zuwana na ƙarshe kafin ta rasu, ta naɗe ta a cikin ledar busasshen kifi. Ta ce, “Yayarki ba ta buƙatarta.” Har yau tana ƙarnin kifi.

Ki bar wahalar da kanki da dabara, wannan aikina ne.

Yonsil


Namhae, 5 ga Janairu, 1997

Yonsil,

Barka da sabuwar shekara. Na ji daɗi da murar ta sake ki. Mu ma lafiya, sai sanyi. Teku ta yi toka-toka, jiragen kifi duk a ɗaure. Na sauya wa tabar wuri, na gode da tonon silili.

Na yi lissafinki a bayan ambulan, ya fita daidai. Ba zan yi miki ƙarya ba, kyakkyawan lissafi ne, irin wanda nake so in ga yara sun buɗe baki a kansa. Sai da na yi shi sau biyu don daɗi. Kin ci maki ɗari.

Yanzu ki saurare ni.

Shekara biyu da wani abu takardar nan tana hannunki. Kin zo bayan an binne Omma, kin same ni zaune a tsakar ɗakinta, kayanta a baje, ina ɗaga tsumma ɗaya bayan ɗaya. Kika ce, “Onni, me kike nema?” Na ce ba komai. Kika tafi kika dafa shayi. Kina nufin ba ki gane ba? Ke da kike ninka 588 a ka?

“Yayarki ba ta buƙatarta.” Na karanta layin nan a tsaye, na karanta a zaune. To me nake buƙata? Ni dai ai ba na buƙatar komai. Ban buƙaci gurbin ƙarin karatun da aka ba ni a Busan ba, shekarar da ƙugun Omma ya karye kina ajin ƙarshe na sakandare. Wani sai ya zauna, na zauna. Ban buƙaci a san ni ba lokacin da kasuwar Namhae kaf ta koma kiran ta “uwar Injiniya”, alhali ni ce a gefenta ina ɗauke da kwandon. Shekara tara ina yanke mata farce. Ke kina aiko hoto. Hotonki na rigar digiri yana saman talabijin, kullum sai ta goge shi da gefen siket. Nawa yana cikin album.

Duk wannan na haɗiye, don na san akwai abu ɗaya da yake namu mu biyu, ni da ita: wata huɗun nan a kan tabarmar tafarnuwa. Ashe shi ma ta naɗe shi a ledar kifi ta ba ki ki haye jirgi da shi.

Akwai abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya a sati na shida, ban sani ba ko injinki ya sani. In gaɓa ba ta da akwati a ƙasa, tagwaye da bencinsu sukan miƙe ƙafa su cika ɗakin. Ranar da ㅁ ya shigo, dole su takure, su haye sama, su rage tsawo, don ɗakin ba ya ƙara girma. Yaran sukan tambaye ni, “Malama, ba ya yi musu ciwo?” In ce a'a. Shekara ashirin da takwas ina ce musu a'a.

Kin ce wannan aikinki ne. Sunan uwata ba aikin kowa ba ne. Ki riƙe takardarki da lambarki. Masu maɗaba'a sun san yadda ake haɗa harafin da babu tun kafin a haifi kwamfuta, da reza da gam. Ina da reza.

Kada ki fita da jiƙaƙƙen gashi, shi ke kawo miki murar.

Bunok


Namhae, 12 ga Fabrairu, 1997

Yonsil,

Sati biyar ba amsa. Ko dai ba ki da lafiya, ko kuwa kina da lafiya ƙalau kina fushi. Ina fatan na biyun ne. Mu nan mun yi bikin sabuwar shekarar wata, mun ci miyar wainar shinkafa, kowa ya ƙara shekara ɗaya, ni na ƙara goma.

Na je Jinju da rezata. Gu mutumin kirki ne, ya share mini gefen tebur. Ya buga mini 또 babba, ya buga 곰, na yanke ㅁ daga ƙasansa, na manna a ƙarƙashin 또. Sai abin ya zubo waje, ya fi maƙwabtansa tsawo, kamar mutum a kan jaki cikin layin masu tafiya a ƙasa. Ya rage mini girman 또 da injinsa, sai layukan suka sirance, akwatin kuma ya yi kauri. Mun yi sau goma sha ɗaya. Abin da nake koya wa yara a sati na shida shi ne ya kayar da ni: ba a yanko tagwayen da suka saba miƙe ƙafa a cusa su a ɗakin mutum uku. Sai an sake zana su tun daga farko.

Gu ya ce, “Malama, da harafin dalma ne irin na zamanin ubangidana, da na goge miki da zarto ya zauna. Wannan kuwa, kowa ya buɗe shafin nan zai fara gani.”

Na kai wa Baffa mafi kyau a cikinsu ranar bikin, bayan mun durƙusa mun yi masa gaisuwar shekara. Ya ɗaga tabarau, ya sauke, ya miƙa wa Goggo.

Ta ce, “Wannan kuma fa? Kaza ce ta taka?”

“Littafin shekara talatin ne wannan, ba allon sanarwar makaranta ba,” in ji shi. “Ina saƙon Injiniya?”

Na ce yana hanya.

Yonsil, ba ya hanya, kuma ni ce na tare hanyar. Na yi miki ƙarya a wasiƙata ta Nuwamba. Littafin ba na kaka ba ne. Baffa yana so a raba shi a maƙabartar dangi ranar Hansik, farkon Afrilu, in an je gyaran kaburbura. Gu zai rufe shafuka ranar ƙarshe ta wannan wata. Tun ranar taron na sani. Na rubuta “kaka” da hannuna, na duba, na lashe ambulan. So nake in shiga wurin Baffa da gaɓar a tafin hannuna kafin ki motsa, ya ce ko sau ɗaya, “Kai, Malamar nan!”

Yanzu ya yanke: in ranar ta zo babu harafi mai kyau, Malsun za a sa. Jikokin da ba a haifa ba za su buɗe littafin su ga sunan da wani magatakarda ya laƙa mata don ya tashi aiki da wuri. Kuma ba injin Gu ne ya jawo ba.

Na ɗaga waya sau uku na ajiye. Bakina ba zai iya ba, hannu ya fi shi ƙarfin hali. In yara suka yi laifi nakan ce su faɗi abin da suka yi, ba tare da “amma” ba. To na faɗa. Ki taimake ni.

Onninki


San Jose, 24 ga Fabrairu, 1997

Onni,

Lafiyata ƙalau, na biyun ne. Yau da rana wasiƙarki ta iso. Ga faifai a cikin kwalin nan, da takardar bayani ga Gu, layi shida, ko Goggo za ta iya bi. Na biya na gaggawa, amma sun ce ba zai kai Namhae ba sai uku ga Maris. Na kira gida kina makaranta, na bar saƙo wurin mijinki: ki samo kwana uku a wurin Baffa. Yadda za ki yi, ke kika sani.

Kada ki yi mamakin saurin. Tun goma sha takwas ga Janairu gaɓar take a zane, washegarin da na karanta wasiƙarki mai maki ɗari. Na gama, na jefa faifan a aljihun tebur, na ce ba zan aika ba sai kin roƙa. Kin ga ba ke kaɗai Omma ta haifa da wannan hali ba.

Na kuma yanke miki maganarta rabi. Ga ta duka. A tashar mota ta tura mini ledar, ta ƙi kallona, ta ce, “Yayarki ba ta buƙatarta, tana zaune a gefena na yi shi. Ke ce ba ki gani ba.”

Ban rubuta rabin ƙarshen ba don ni yake suka. Onni, ban taɓa ganin Omma riƙe da biro ba. Ko sau ɗaya. Zuwana uku bayan ta koya, in na shigo ɗaki sai ta tura littafin ƙarƙashin cinya. Na ce ta rubuta mini, ta ce idonta na ciwo. Kunyata take ji, kamar baƙuwa. Hoton da kike magana, mutum ba ya goge hoton wanda yake gani kullum. Ke ta yi wa faɗa, ke ta zaga, ke ta bari ki ga harshenta a waje. Ni sai ta soya mini kifi ta tambaye ni ko jirgi yana girgiza. Kin ce kin takure don in samu wuri. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ke kina sama a kan benci tare da ita. Ni ce akwatin da aka tura ƙasa.

Ga wani abu. Da zan fara zanen, na ɗora takardar a kan na'urar ɗaukar hoto, na ƙara girmanta har ta cika allo. Hasken na'urar yana da ƙarfi. A layin farko, ƙarƙashin biron, ɗigonki duk suna nan. Fensirin ya gogu, ramin da ya yi a takarda bai gogu ba. Na bi su ɗaya-ɗaya. A kusurwar hagu ta ƙasan ㅁ kin tsallake ɗigo ɗaya, akwatin bai rufe ba. Omma ta bi ki, ta bar shi a buɗe. A sauran takwas ɗin da ta yi da kanta ma a buɗe yake, duka. Na ɗauko wasiƙunki na shekara goma na duba. Malama Bunok, ba ki taɓa rufe ㅁ ba a rayuwarki.

Na zana da salon littafin, ba wanda zai ce kaza ce. Amma tsawon tagwayen da faɗin akwatin na takardarta ne, kusurwar kuma na bar ta a buɗe, kaurin gashi ɗaya. A wurin aikina da sun kore ni.

In kina son takardar, zan aiko.

Yonsil


Namhae, 7 ga Afrilu, 1997

Yonsil, ƙanwata,

Kin ci abinci? Mu lafiya lau. Tafarnuwa ta yi kore shar tun daga bayan gida har bakin teku, gwiwata ta yi shiru, maigidana ya gano sabon maɓoyin.

Bari in fara da kwana ukun, don kin ce ni na sani.

Na je wurin Baffa ranar ashirin da shida. Na same shi a tsakar gida yana gyaran igiyar raga, Goggo tana tsince wake. Na ce saƙonki zai makara da kwana uku.

Ya jefar da igiyar. “Tun Nuwamba! Wata uku ba ta iya zana harafi ɗaya na uwar da ta haife ta ba? Ashe haka take. Ta ci burodin Amurka ta manta hanyar gida. Ke da kike nan kina ta fama da reza ai kin fi ta sau goma.”

Yonsil, zan gaya miki gaskiya tunda mun fara. Shekara talatin nake jiran wannan magana daga bakinsa. Ta shiga kunnena kamar ruwan zafi a ƙafar da ta sha sanyi. Na tsaya na sha daɗinta, numfashi ɗaya, biyu, uku. Ba wanda zai taɓa sani. Ke kina can bayan teku.

Sai na durƙusa a kan simintin, da gwiwar nan tawa, na gaya masa abin da na rubuta miki a Nuwamba da dalilin da ya sa.

Goggo ta ce, “Oho! Malama guda? Mai ba yara horon tsayuwa a lungu?”

Baffa ya dube ni a durƙushe. Can ya ce, “Kishin ƙanwarki, kina shekara kusan hamsin.”

Na ce, “E, Baffa.”

“Tashi kafin ƙafar ta ƙage, in rasa mai ɗaga ki. Uwarku ma haka take, ta shekara biyu ba ta gaishe ni ba a kan kan iyakar gonar tafarnuwa.” Ya ɗauki igiyarsa. “Kwana uku. Ki gaya wa Gu ni na ce.”

Faifan ya iso ranar uku da hantsi. Na nemi izini a makaranta, na hau motar Jinju da shi a cikin rigata. Gu ya bi layukanki shida yana karantawa da ƙarfi, ya danna, sai ga ta a tsakanin Ha da i, daidai tsawon maƙwabtanta, kamar tun asali a nan take. Ya matso da fuska jikin allon ya ce, “Akwai ɗan tsagu a kusurwa, in toshe?” Na ce in ya taɓa zan karya masa yatsa.

Shekaranjiya aka yi Hansik. Mun cire ciyawa, mun ƙara ƙasa a inda ruwa ya zaizaye, mun jera abinci mai sanyi da giyar shinkafa. Baffa ya buɗe littafin a gaban kabarin su Omma, ya karanta sunan mahaifinmu, sannan ya ce, “Matarsa, Ha Ttomi.” Bakinsa ya ɗan yi tuntuɓe, bai taɓa faɗa ba. Goggo ta ce, “Ttomi,” a hankali, tana gwadawa, sai ta juya tana neman wani abu a cikin jakarta har aka gama. Ƙasa da sunan ga namu, Bunok da Yonsil, a jere.

Da ya rufe littafin, kin san me ya ce? “Kai, Injiniyar nan!” Ya soke ni, ba zan ce bai soke ni ba. Amma ɗan kaɗan ne, kamar ƙayar kifi ƙarama, na haɗiye da shinkafa.

Yau na rubuta lissafinki a allo wa 'yan aji shida, don malaminsu bai zo ba. Kowa ya nemo lambar gaɓar farko ta sunansa, aji ya kaure kamar kasuwar kifi, har shugaban makaranta ya leƙo. Na ba su ㄸ da ㅗ da ㅁ, suka yi ihu tare: dubu arba'in da shida da ɗari shida da ashirin da huɗu! Suka ce, “Malama, gidan wa ke nan?” Na ce na wata ɗalibata ne, ta fi su duka taurin kai. Da na juya zan goge allon na dubi ㅁ ɗin da na rubuta. A buɗe yake. Yara nawa na rage wa maki a kan wannan?

Ki riƙe takardar. Ta ce ban buƙace ta ba, kuma Omma ba ta cika yin kuskure a kaina ba. Amma in kin zo bikin kaka, ki zo, ba hoto ba, zan shimfiɗa tabarmar tafarnuwa in nuna miki inda take zama da yadda take riƙe biron kamar za ta soke kifi.

Abu ɗaya: ki ƙirga mini ɗigon. Ni dai arba'in da ɗaya na tuna na yi. In kin samu arba'in, to na'urarki ce ba ta gani da kyau.

Yayarki,
Bunok